Filin Shawara: Ƙawar 'Yata Ba a Ganinta, Kuma Ta Fara Ba Ni Tsoro

Ina da yarinya 'yar shekara biyar, ita kaɗai Allah Ya ba mu zuwa yanzu. Tun da muka taso daga gidan su maigidana muka tare a namu, ta tsiri wata ƙawa da take kira Zuzu, wadda babu mai ganinta sai ita. In na zuba mata abinci sai ta ce in ƙaro cokali, na Zuzu. In muka shiga Keke Napep sai ta matsa ta bar mata wuri. Da farko dariya nake yi. To kwanakin baya ƙanwata ta turo mini wani fim mai dogon zango na Amurka, The Whispers, inda wani abu da ba a gani yake ƙulla abota da yara yana sa su cutar da iyayensu. Tun daga ranar barci ya ƙaurace mini. Ga shi shekaranjiya ta juye mini kwalbar humra a kan katifa, ta ce Zuzu ce ta sa ta. Jiya kuma ta ce Zuzu tana fushi da ni don na zauna mata a ƙafa. Surukata ta ce shafar aljanu ce, a kai ta ruƙiyya tun wuri. Maigidana ya ce yarinta ce, in fita harkarta. Anti, maganar wa zan bi?

Uwa mai damuwa, Kaduna

'Yar uwa, Allah Ya raya mana ita, Ya ƙaro masu albarka. Ki kwantar da hankalinki. A duk abin da kika lissafa ban ga alamar cuta ba, ban kuma ga dalilin da zai sa a ɗauki 'yar shekara biyar a zaunar da ita gaban baƙon mutum yana daka mata tsawa a kunne ba. Sai dai ba zan ce ki fita harkarta kamar yadda maigida ya faɗa ba, kuma fim ɗin da ya tsorata ki shi ne hujjata.

Tashar ABC ta Amurka ce ta nuna The Whispers a 2015, zango ɗaya ya yi aka tsayar da shi. Ba daga asibiti aka samo labarinsa ba, ba kuma wani abu ne da ya taɓa faruwa ba. An ɗora shi ne a kan wani gajeren labari mai suna Zero Hour, wanda marubucin ƙagaggun labaran kimiyya Ray Bradbury ya fitar a 1947, daga baya ya saka shi cikin littafinsa The Illustrated Man na 1951. A ganina ɗan gajeren labarin ya fi fim ɗin nesa ba kusa ba, don haka bari in ba ki shi.

Wata yarinya ce mai suna Mink, 'yar shekara bakwai, ta faɗo kicin a guje tana kwasar cokula da tukwane da 'yan ƙarafa tana zubawa a buhu. Uwar ta tambaye ta wasan me ake yi, ta ce wasan mamaya. Ƙananan yaran unguwa duk suna ciki. Waɗanda suka ɗan tasa kuwa an kore su, wai sun fara tunani irin na manya, dariya kawai za su yi. Mai ba da umarni wani ne Drill, wanda babu mai ganinsa, yana magana daga gindin wata bishiyar fure. Da aka zauna cin abincin rana, Mink ta zayyana wa uwarta komai: Drill daga wata duniya yake, mutanensa sun daɗe suna neman hanyar cin wannan duniyar da yaƙi sun rasa, sai suka lura manya ba sa bin ta kan abin da yara ke yi. Ya yi musu alkawarin idan an ci nasara babu sauran wankan dole, babu kwanciya da wuri. Har lokacin da za a fara ta faɗa daga baya, ƙarfe biyar na yamma. Uwar ta yi murmushi, hankalinta na kan yarinyar ta gama cin abinci. Can ta yi waya da wata ƙawarta a wani gari, ta ji yaran can ma wasan da suke yi ke nan, sunan ma Drill ne, suka yi dariya suka wuce wata hirar. Biyar na cika aka ji fashewar wani abu. A lokacin ne duk maganganun yinin suka haɗu a kanta. Ta ja mijinta suka haye ɗakin ajiya na saman gida ta datse ƙofa. Suka ji takun ƙafafu masu nauyi suna hawowa, makulli ya narke, ƙofa ta buɗe, sai ga Mink tana murmushi, a bayanta wasu dogayen inuwoyi.

Ki lura da abu ɗaya. Yarinyar nan ba ta yi ƙarya ba, ba ta kuma ɓoye komai ba. Ta faɗi wane ne, ta faɗi abin da yake so, ta faɗi lokaci. Uwar ce ta ji da kunne ba ta saurara ba. Bradbury ya yi rubutun ne shekara biyu bayan gama Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da Amurkawa ke cikin fargabar maƙiyi na cikin gida, kuma a shekarar ce jaridunsu suka cika da labarin wasu faya-fayai masu shawagi a sama. Ya duba ya ga wace ƙofa ce ba a sa mata mai gadi ba, ya ga ta yara ce. Iyaye yake yi wa hannunka mai sanda. Bai zauna don ya koya wa kowa yadda ƙwaƙwalwar yaro ke aiki ba.

Akwai wani labari da ya fi kusa da halin da kike ciki. A 1992 shirin Star Trek: The Next Generation ya yi wani kashi mai suna Imaginary Friend. Wata yarinya Clara, aikin mahaifinta yana ta yawo da su daga wannan jirgin sararin samaniya zuwa wancan, ba ta daɗe a wuri ɗaya ba balle ta yi ƙawa, sai ta ƙirƙiro Isabella. Rannan wata halitta daga waje ta shigo jirgin ta ɗauki siffar Isabella ta bayyana gare ta. Ta riƙa jan ta wuraren da aka hana yara shiga, ta yi ɓarna a ɗora wa Clara, ta yi kishi idan ta ga Clara da wasu yara, daga ƙarshe ta fara yi mata barazana. Da kyaftin ɗin jirgin ya tsare halittar ya tambayi dalilinta, sai ta ce ta kalli mutane ta idon yarinya, ta ga mugaye ne, kullum cikin hani suke. Sai da ya fahimtar da ita cewa hanin don kariya ne sannan ta janye. Ki cire halittar waje daga labarin, me ya rage? Yarinya mai kaɗaici da aka raba da abokan wasanta. Ki sake karanta farkon wasiƙarki. Kin ɗauko yarinya daga gidan yawa, inda ga 'ya'yan baffanni ga na gwaggwanni, tun safe ana guje-guje a tsakar gida, kin kawo ta gida mai geti, daga ke sai ita har maigida ya dawo. Da wa kike so ta yi wasa?

Masana halayyar yara sun daɗe a kan wannan batu. Farfesa Marjorie Taylor ta Jami'ar Oregon ta rubuta littafi sukutum a kansa a 1999, kuma a wani bincike da ita da abokan aikinta suka fitar a 2004 sun samu cewa kashi 65 cikin 100 na yaran da suka bibiya sun taɓa yin irin wannan aboki kafin su wuce shekara bakwai. Yaran Amurka ne, ba namu ba, amma adadin ya isa ya nuna miki cewa abin ba baƙo ba ne a yarinta. Abubuwa biyu daga aikinta za su amfane ki. Yaran sun san wasa suke yi, har wasu kan tsayar da mai tambaya su tuna masa cewa abokin nan fa ba na gaske ba ne, don kada ya ruɗe. Sannan ba duk abokan ne masu ladabi ba. Akwai masu gardama, akwai masu ƙin zuwa in an kira su, akwai masu son mulki. Fushin Zuzu bai fitar da ita daga sahu ba.

Mu ma ai mun yi. Wace ce a cikinmu ba ta goya 'yar tsana ta kara ba, ta yi mata kitso, ta tuƙa mata tuwon ƙasa, ta yi mata faɗa don ta ƙi ci, har a haɗu a yi mata biki? Bambancin kawai Zuzu ba ta da jikin kara. Kuma in Hajiya surukarki ta kawo maganar addini, akwai hadisi a Sunan Abi Dawud da ya nuna Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ga kayan wasan Nana A'isha, a ciki har da doki mai fukafukai. Ya tambaye ta, ta kafa hujja da dawakin Annabi Sulaiman, ya yi dariya. Bai tsawata mata ba.

Ba na musun aljanu, Alƙur'ani ya ambace su. Ki yi wa yarinyarki abin da ya kamata kowace uwa ta yi ko da Zuzu ko babu: addu'ar barci, Ayatul Kursiyyu, Falaƙi da Nasi a tofa a shafa mata. Ki gaya wa Hajiya cikin ladabi cewa kin ɗauki maganarta kuma ga abin da kike yi, in da hali ma ki roƙe ta ta riƙa yi wa jikarta addu'ar da kanta. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a riƙa cewa tana da aljanu a gabanta, ko a turara mata hayaƙi mai shaƙewa, ko a dake ta wai a fitar da wani. Yanzu ita ke riƙe da Zuzu, ita ke sa ta magana, ita ke sallamarta. Ranar da manya suka tabbatar mata cewa Zuzu wata halitta ce mai ƙarfi da ke bin ta, ranar za ta fara jin tsoron abin da ita ta ƙirƙira, kuma cire wannan tsoron ya fi sa shi wuya.

Maganar humra kuwa, wayo ne irin na yara, ta samu wadda za ta ɗora wa laifi. Kada ki tsaya musu da ita a kan ko akwai Zuzu ko babu. Ki ce, "To, a gidan nan ba a taɓa turaren Mama. Ke da Zuzu ku zo ku cire zanen gadon." Doka ta hau kan kowa, magana ta ƙare. Idan ta ce Zuzu na fushi, ki tambaye ta a hankali, "Me ya ɓata mata rai?" Ki saurari amsar da kyau. Sau da yawa abin da yaro ba zai iya cewa da bakinsa ba shi yake sa wa abokin a baki. Kada ki yi mamaki in kika ji Zuzu na fushi ne don Mama kullum tana kan waya, ko don an daina zuwa gidan Hajiya. Ki kai ta can ta kwana biyu a ƙarshen mako, ki sa ta Islamiyyar unguwa, ki bar 'ya'yan maƙwabta su shigo ko da za su ɓata miki falo. Ki kuma daina kallon fim ɗin nan tana kusa. Alamomin da za su sa ki tashi tsaye suna cikin amsar wasiƙa ta uku.

*

Anti barka da aiki. Ni ɗaliba ce, ina rubuta littattafai ina sakawa a WhatsApp. Na gaji da labarin soyayya da kishiya, ina so in rubuta labarin wani yaro da abokinsa na ɓoye ya zamo halitta daga wata duniya. Ƙawayena sun ce wannan na Turawa ne, Bahaushe ba zai karanta ba. In ci gaba ko in haƙura?

Ɗiyarki, Damagaram

Ɗiyata, ki ci gaba. Ki gaya wa ƙawayenki cewa tun 1969, shekarar da Amurkawa suka sauka a kan wata, Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin yaro Kilba da wani baƙo daga sama, Kolin Koliyo, wanda ya ɗauke shi yawon sararin samaniya. An karanta shi a makarantu, babu wanda ya ce na Turawa ne.

Shawarata ita ce kada ki yi saurin mayar da abokin mugu, wannan hanyar ta cika da sawu. Ki nemi littafin Chocky na John Wyndham, marubucin Ingila, wanda ya fito a 1968. Yaro Matthew ya fara hira da wata murya, yana jefo wa iyayensa tambayoyin da ba na shekarunsa ba, kamar me ya sa mako yake kwana bakwai ba takwas ba. Iyaye suka tsorata, aka nemo likita. Muryar kuwa ba cutarwa ta kawo ta ba, har ta taimaka masa ya ceci ƙanwarsa daga ruwa alhali bai iya iyo ba. Waɗanda suka cuce shi mutane ne, suka sace shi don su tatsi ilimin da muryar ke ba shi. Wannan ya fi tsaya mini a rai fiye da duk wani dodo. In kuma na zamani kike so, fim ɗin M3GAN ya juya abin: ƙawar ba ta cikin kai ba ce, 'yar tsana ce mai ƙwaƙwalwar kwamfuta da aka miƙa wa marainiya don mai riƙonta ba ta da lokacinta.

Ki kawo labarin gida. Ki sa yaron a gidan mutum talatin, inda kowa ke ganinsa amma babu mai jin sa, kaka ta ce iska ce, baffa ɗan boko ya ce ƙarya ce. Kafin ki rubuta shafin farko ki san abin da baƙon yake nema a wurin yaron, in ba haka ba labarin zai mutu a tsakiya.

*

Salamu alaikum Anti. 'Yar yayata nake riƙo, shekararta takwas. Wata biyu ke nan tana maganar wani da take kira Baban Dare, wai yana ba ta alawa, ya ce in ta gaya wa kowa zai ɗauke ta ba za a ƙara ganinta ba. Ta koma fitsarin kwance bayan ta daɗe da dainawa, in aka aike ta wani layi sai ta fashe da kuka. Rannan na ga alawa da naira ɗari biyu a jakar makarantarta, ta ce shi ya ba ta. Mutanen gida sun ce fina-finan fassara da take kallo ne suka cika mata kai, wasu sun ce aljani ne ya aure ta. Ni dai hankalina bai kwanta ba.

Mai riƙo, Kano

Wa alaikumus salam. Hankalinki ya yi gaskiya, kuma na gode wa Allah da kika rubuto. Abokin da yaro ya ƙirƙira ba ya sayen alawa, ba ya ba da naira ɗari biyu. Yaro yana wasa da shi cikin nishaɗi, yana ba da labarinsa ga duk mai son ji, in ya gaji ya ajiye shi. Amma a ce ga kyauta a hannu, ga umarnin rufe baki, ga barazana, ga fitsarin kwance da ya dawo, ga tsoron wani wuri takamaimai, to ki ɗauka mutum ne mai jini da tsoka har sai an tabbatar da akasin haka. Yara kan laƙaba wa wanda ke cutar da su wani suna don suna tsoron faɗin na gaskiya, wani lokacin ma shi mai cutarwar ne yake koya musu cewa shi aljani ne. Maganar aljani ya aure ta kuwa babu wanda za ta yi wa daɗi kamar shi.

Ki zauna da ita ku biyu, ba a gaban mutanen gida ba. Kada ki dake ta, kada ki sa ta rantsuwa, kada ki jero mata sunaye ki ce wane ne a ciki. Ki fara da gaya mata cewa ba ta yi laifi ba kuma babu mai ɗauke ta, sannan ki ce ta ba ki labarin Baban Dare: ina take ganinsa, yaushe, me yake cewa. Duk abin da ta faɗa ki riƙe fuskarki, in kika yi salati kika ɗora hannu a ka za ta yi shiru. Daga yau ta kwana a ɗakinki, a daina aikenta ita kaɗai, kuma kada ki cire kowa daga zargi don kusanci ko don yawan sallarsa.

Ki kai ta a duba ta. A Asibitin Murtala da ke Kano akwai cibiyar Waraka, aikinta ke nan, duba waɗanda aka ci zarafinsu da ba su shawara. Kada ki yi jinkiri, domin maganin kariya daga cutar ƙanjamau yana aiki ne idan an fara shi cikin awa 72. Ki sanar da mahaifiyarta. Za a zo miki da maganar rufin asiri da sunan gida. Ki tambaye su asirin wa ake rufawa.

In an bincika ba a samu hannun kowa ba, amma yarinyar na jin murya tana ba ta umarni, ko tana tsoron abin da take gani, ko takan ƙame ta zuba ido ba ta jin kira, ko ta daina wasa da cin abinci, to wannan aikin likita ne, akwai sashen yara da na ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Uwa mai damuwa ta Kaduna, waɗannan su ne alamomin da na ce ki duba, kuma babu ko ɗaya a wasiƙarki.

Ke kuwa mai riƙo, ki ajiye mujallar nan ki kira yarinyar ɗaki, yau ɗin nan.